Da me za a jera wayin a kanti: ƙasa, irin inabi, ko ɗanɗano?

Duk wanda ya taɓa leƙa sashen abin sha a manyan kantunan Abuja, Legas, Yamai ko Akara ya san fasalin wurin. Kwalaben wayin, wato giyar inabi, tun daga ƙasa har inda hannu ba ya kai, a sama an rataye alluna: Faransa, Italiya, Sifaniya, Afirka ta Kudu. Mutum ya zo neman abin da za a buɗe wa baƙi ranar liyafa, sai ya tarar an shimfiɗa masa taswirar duniya. Ya ɗauki kwalba ya jujjuya, ya ajiye, ya ɗauki wata, daga ƙarshe ya tafi da wadda takardarta ta fi ƙyalli. Akan ce mai sayen ne bai san kan abin ba. Ni kam laifin mai jerawa nake gani, domin ya jera kaya yadda dillali ya sauke su a kwali, ya manta da tambayoyin da ke bakin wanda ya shigo.

Tambayoyin nan ba su da yawa. Akwai barasa a ciki ko babu? Ja ne, fari ne, ko mai kumfa? Yana da zaƙi? Nawa ne? Ƙasar da aka yi shi sai can baya take zuwa, in ma ta zo. Kanta da takardar abin sha ta otal ya kamata su amsa waɗannan bi da bi, yadda suka taso.

Ta farkon ta fi kowace nauyi a wajenmu. Mafi yawan Hausawa Musulmi ne, giya haramun ce a gare su, kuma tsakanin 1999 da 2001 jihohi 12 na Arewacin Najeriya suka ɗauki shari'ar Musulunci. A Kano ba sabon abu ba ne Hisbah ta kama kwalabe ta farfasa. Amma kwalba mai siffar ta shampen ba baƙuwa ba ce a dinar biki. Eva, Veleta, Pure Heaven da Chamdor duk ana saye da kwali-kwali, kuma ruwan 'ya'yan itace ne mai gas, babu barasa. Matsalar ita ce shigarsu ɗaya da masu barasa: kwalba mai kauri, takarda mai walƙiya a wuya, waya ɗaure da murfi. Mai kantin da ya ajiye su kafaɗa da kafaɗa da Martini Asti, mai barasa kashi 7.5 cikin ɗari, don kawai duka suna kumfa, ya haƙa wa mai saye rami. Yaron da aka aika da saƙon "kawo wayin ɗin biki guda shida" ba zai tsaya karanta ƙananan rubutun bayan kwalba ba. Saboda haka marar barasa ya bar sashen gaba ɗaya, ya koma layin lemo da ruwan 'ya'yan itace. Ƙarshen kanta ɗaya bai isa rabuwa ba, domin kwastoma kan ɗauka ya fasa ya ajiye inda ya ga dama. Firjinsu ma daban, wurinsu a sito daban.

A cikin marar barasar ma akwai kashi biyu da bai kamata a cakuɗa ba. Akwai ruwan inabin da bai taɓa tsimuwa ba. Akwai kuma wanda aka bari ya zama giya tukuna, sannan aka zare barasar da inji, ko dai ta hanyar turara shi a ƙaramin zafi cikin tukunyar da aka zuƙe wa iska, ko ta tace shi. Dokar Tarayyar Turai ta 2021 ta yarda a kira irin wannan wanda aka cire wa barasa muddin abin da ya rage bai wuce kashi 0.5 cikin ɗari ba. Wani zai sha, wani ko kusa ba zai je ba. Mai kanti ba malami ba ne, ba a ce ya ba da fatawa ba. Abin da ke wuyansa shi ne ya ba wannan kashin tasa kanta, ya rubuta da manyan baƙaƙe cewa daga giya aka zare, da adadin da ya rage, kowa ya yi hukunci da abin da ya gani.

To, a cikin sashen masu barasa fa, me ya sa kusan kowa ke jerawa da ƙasa? Gado ne daga Turai, musamman Faransa, inda sunan wayin sunan wuri ne. A 1855 Sarki Napoleon na Uku ya sa aka tsara manyan gonakin Bordeaux hawa biyar saboda baje kolin birnin Paris, kuma jerin nan kusan bai motsa ba, in ban da ɗaga Mouton Rothschild zuwa hawan farko a 1973. A 1935 aka kafa hukumar da ke kula da sunayen wurare, wadda yanzu ake kira INAO, ita ke faɗin irin inabin da za a shuka a kowane yanki da yadda za a sarrafa shi. Don haka ga wanda ya sani, sunan wuri kaɗai ya gaya masa komai. Chablis, sunan wuri, na nufin wayin na inabin Chardonnay marar zaƙi mai tsami-tsami. Farin Sancerre Sauvignon Blanc ne. Jan Burgundy Pinot Noir ne, Beaujolais Gamay, Chianti galibinsa Sangiovese, Rioja galibinsa Tempranillo, Barolo kuwa Nebbiolo zalla. Tsari ne mai kyau, sai dai shekaru ake yi kafin a haddace shi, kuma yawancin waɗannan kwalabe ba su ma rubuta sunan inabin a gaba ba.

Ga abin da ke faruwa idan aka bi shi ido rufe. A ƙarƙashin allon "Faransa, fari" za ka ga Muscadet, wanda kusan babu sukari a cikinsa, jingine da Sauternes, wanda kan haura giram 100 na sukari a lita. Babu abin da ya haɗa su sai tuta. A ɗaya gefen, wanda ya ji daɗin Sancerre kuma yake neman makamancinsa a rabin kuɗin, amsarsa tana layi na uku a sashen Afirka ta Kudu ko Chile, kuma babu abin da zai nuna masa hanya. Dillali da akawun sito ne ke jin daɗin wannan tsarin, don kayan kowace ƙasa tare suke zuwa a takarda ɗaya.

Jerawa da irin inabi ya fi wancan. Amurka, Ostiraliya, Chile, Ajantina da Afirka ta Kudu ne suka yaɗa shi, domin ba su da sunayen ƙauyukan da duniya ta sani, sai suka ɗora sunan inabi a goshin kwalba. Darajarsu ta ƙara tashi bayan gasar ɗanɗano ta Paris a 1976, inda alƙalai Faransawa, ba tare da ganin kwalabe ba, suka ba na Kalifoniya na ɗaya a fari da ja. Mai saye na iya riƙe sunaye biyar ko shida, Merlot, Shiraz, Chardonnay da makamantansu, ya yi ta amfani da su shekara da shekaru. Amma yana da ramukansa. Da yawan wayin gauraye ne: jan Bordeaux haɗin Cabernet Sauvignon da Merlot ne da wasu, Châteauneuf-du-Pape an yarda masa da iri 13. Ina za a sa su? Sai a buɗe kanta mai suna "Sauran", ta zama juji. Ko wanda aka rubuta wa suna ɗaya ba lallai ya zama zalla ba, domin dokar Amurka kashi 75 cikin ɗari ta nema, ta Turai da Ostiraliya 85. Ga inabi ɗaya mai suna biyu: Syrah shi ne Shiraz, Pinot Gris shi ne Pinot Grigio, kuma ma'aikacin da bai sani ba zai ware musu wuri biyu. Mafi muni, iri ɗaya kan fito da fuska da yawa. Riesling na iya zama marar zaƙi ƙwarai, yana iya zama mai zaƙin da sai da kayan maƙulashe. Chardonnay da ya kwana a gangar itacen oak da wanda bai shiga ba, in ka ba baƙo su a kofi biyu ba zai ce 'yan gida ɗaya ba ne.

Shi ya sa nake goyon bayan a jera da ɗanɗano. Ba sabon tunani ba ne. A 1996 Joshua Wesson ya buɗe kantin Best Cellars a New York, ya kasa kayansa gida takwas bisa yadda suke a baki, tun daga mai kumfa har zuwa mai zaƙi. A Suwidin, kantunan gwamnati na Systembolaget suna zana wasu 'yan da'irori masu kama da agogo a katin kowace kwalba, masu awo daga 1 zuwa 12, suna nuna nauyi, tsami, bauri ko zaƙi. A lardin Quebec na Kanada, hukumar SAQ tana manna tambari mai launi ga kowane rukunin ɗanɗano. Manyan 'yan kasuwa ne waɗannan, kuma mutumin da bai taɓa jin sunan Barolo ba suke yi domin sa.

Ga yadda zan shirya kanti mai iri 100 zuwa 150. A fara da abin da ido ke gani: mai kumfa, fari, ruwan hoda, ja. Can gefe a ware ƙaramar kanta ga waɗanda aka ƙara wa barasa, irin su Port da ke kaiwa kashi 19 zuwa 22, don kada wani ya ɗauke su a matsayin jan wayin na tebur ya tsiyaya kofi cike. A cikin kowane launi, rabon farko na zaƙi ne, kuma da lamba za a yi shi don kada a yi gardama. A ma'aunin Turai, wayin marar kumfa ana ce masa marar zaƙi idan sukarinsa bai wuce giram 4 a lita ba, ko 9 idan tsaminsa na da yawa. Daga nan zuwa 12 ɗan zaƙi-zaƙi ne, daga 12 zuwa 45 matsakaici, abin da ya haura 45 mai zaƙi sosai. Kwalba ba ta cika faɗin wannan ba, amma kowane kamfani na da takardar bayanin kayansa, kuma dillalin da ya san aikinsa zai kawo ta in an nema. A Najeriya jan wayin mai zaƙi, irin na Four Cousins da Carlo Rossi, yana da kasuwa ƙwarai. Wasu masu kanti kan tura shi lungu kamar abin kunya, wai ba na masana ba ne. Wannan girman kai ne mai cin jari. A ba shi allonsa a bakin layi, a rubuta "Ja mai zaƙi" ƙarara.

Masu kumfa suna da tarko nasu, kuma ma'aikata na yawan faɗawa. Wanda aka rubuta wa Brut ƙasa da giram 12 na sukari ne a lita. Extra Dry, duk da sunansa na nuna marar zaƙi, ya fi Brut zaƙi, yana tsakanin 12 da 17. Sec 17 zuwa 32, Demi-Sec 32 zuwa 50, Doux sama da 50. A jera su da wannan lissafi daga hagu zuwa dama.

Bayan zaƙi sai nauyi, ga waɗanda ba su da zaƙi. Ma'aunin da ya fi sauƙi shi ne adadin barasar da ke jikin takarda: ƙasa da kashi 12.5 mai sauƙi, daga nan zuwa 13.5 matsakaici, sama da haka mai nauyi. Awon hannu ne, yana kuskure. Za a samu Pinot Noir mai kashi 14 da bai da bauri ko kaɗan, a samu Barolo mai launi marar duhu wanda baurinsa ke kama dasashi kamar shayin da aka manta a kan wuta. Irin waɗannan sai a gyara musu zama da hannu. A jan wayin, bauri ne ke korar sabon shiga fiye da komai, don haka dole ya fito a kati.

Katin da ke ƙarƙashin kowace kwalba shi zai ɗauki abin da aka sauke daga allo: suna, ƙasa da yanki, irin inabi, kashin barasa, matakin zaƙi, farashi, da layi ɗaya kan abincin da ya dace. Layin nan a rubuta shi da abincin da mutane ke ci. Barkono na ƙara wa barasa zafi a maƙogwaro, yana kuma fito da bauri, don haka ga tsire mai yaji ko farfesu, fari mai ɗan zaƙi da ƙarancin barasa ya fi jan Cabernet mai kashi 14.5. Katin da ya ce a ci da wani cukun da ba a sayar da shi a garin ɓata takarda ne.

Farashi ya hau daga hagu zuwa dama a cikin kowane rukuni. Al'adar da aka saba ita ce masu araha a ƙasa, masu tsada a can sama, kuma a ƙasa mai zafi wannan kuskure ne mai tsada. Zafi sama yake taruwa, fitilu ma a can suke. Wayin ya fi son digiri 12 zuwa 14. In ya daɗe a sama da 25 sai ya tsufa da wuri, ƙamshinsa ya dafe. Hawa da saukar zafi, irin na kantin da wuta ke ɗaukewa a kashe na'urar sanyi da dare, ya fi ɓarna, domin ruwan na kumbura yana janyewa, yana tura matoshin yana zuƙo iska. Alamomin a bayyane suke: matoshi ya ɗan taso, danƙo a ƙarƙashin takardar wuya, ruwa ya sauka daga inda ya kamata, fari ya koma ruwan ƙasa. Masu tsada a nuna kwalba ɗaya, sauran su zauna a wuri mafi sanyi na sito, a kwance idan matoshinsu na ɓawon itace ne don kada ya bushe. Masu murfin murɗawa su tsaya abinsu. Ruwan hoda da fari masu kwalba garau su yi nesa da taga da fitila, haske na lalata su cikin ɗan lokaci. Sabon kaya ya shiga baya, tsoho ya fito gaba. Yawancin wayin masu araha an yi su ne don a sha cikin shekara biyu ko uku, tsohuwar shekara a jikinsu ba abin alfahari ba ce. A kuma duba lambar NAFDAC tun a wajen karɓar kaya.

Takardar abin sha ta otal ko gidan abinci wannan tsarin za ta bi, sai dai a taƙaice. Matsakaicin wuri bai buƙatar fiye da iri 30 zuwa 40. Abin da ya wuce haka jari ne ke kwance a sito yana dahuwa. Shafin marasa barasa ya tsaya shi kaɗai da kansa a rubuce. Sannan waɗanda ake sayarwa kofi-kofi, da girman kofin a fili: kwalba mai mililita 750 na ba da kofi biyar na 150, ko shida na 125. Kada su wuce shida zuwa takwas, domin kwalbar da aka buɗe kwana biyu zuwa uku take yi a firji kafin ta fara sanewa, mai kumfa ma bai kai haka ba. A rubuta ranar buɗewa a bayan kwalba da alƙalami. A ƙarƙashin kowane kai, a sauko daga mai sauƙi zuwa mai nauyi, ta yadda ma'aikacin tebur zai iya ce wa baƙo, "Ranka ya daɗe, in wannan ya yi maka nauyi, na samansa ya fi sauƙi," ko da shi bai taɓa kai shi baki ba. Kowane layi a ba shi lamba, kuma lambar ta zama ita ce ta gurbinsa a sito. Baƙon da ke tsoron kada harshensa ya karye a kan Gewürztraminer a gaban surukai sai ya ce "lamba 14", kuma ma'aikaci ba zai dawo da wata kwalba daban ba. A faɗi ko harajin VAT na kashi 7.5 da kuɗin hidima suna cikin farashin. A buga takardar a ofis a kan takarda mai sauƙin kuɗi, a sabunta duk wata. Takarda mai bangon fata wadda rabin abin da ke cikinta "ya ƙare" ta fi rashinta ban haushi.

Wani abin da takarda ba za ta gyara ba sai horo: ƙa'idar nan ta a ba da ja a zafin ɗaki, ɗakin Turai ake nufi, digiri 16 zuwa 18. A Abuja cikin watan Maris ja na buƙatar minti 20 zuwa 30 a firji kafin a kai tebur, in ba haka ba barasa kaɗai za a ji.

Akwai masu suka, kuma ba duka zancensu ne banza ba. Suna cewa ɗanɗano ra'ayi ne, wa zai yanke? Shi ya sa na ɗora tsarin a kan sukari da barasa, abubuwan da ake aunawa, aka bar wa harshe gyare-gyare kaɗan. Suna cewa masani da ya shigo neman Rioja zai sha yawo. Gaskiya ne, amma shi ya san ja ne marar zaƙi, matsakaici zuwa mai nauyi, zai gano shi cikin minti ɗaya, kuma ana iya ware kusurwa guda ga manyan kwalabe masu suna a jera su da yanki. Gidan abinci a Paris ko Landan mai kwalba 500 da ƙwararre tsaye a gefen tebur, shi kam ya ci gaba da jerawa da yanki, baƙinsa abin da suka zo nema ke nan. Matsin da ya fi wuyar turewa na dillalai ne, masu son a tara duk kayan kamfaninsu wuri ɗaya, wani lokaci har da tayin firji ko rangwame. A ba su bakin layi su yi tallarsu, cikin layin kuwa a bar shi yadda aka tsara.

Saura batun wanda zai riƙa cika kantar kullum. Da yawa daga ma'aikatan kantuna da otal-otal ba sa sha, wasu saboda addini, wasu saboda albashinsu bai kai kwalba ɗaya ba, kuma suna yawan canjawa. Tsarin da sai mai dogon ilmi zai iya kula da shi ba zai kai wata uku ba. A ba kowane rukuni launi, a fenta shi a bakin kanta, a manna ɗan tambari mai launin a bayan kowace kwalba tun ranar da aka buɗe kwali a sito, manaja ya sa hannu. Da yamma kafin a rufe, mutum ɗaya ya bi layi yana juya kwalabe, duk wadda launinta ya saɓa da na kanta ya mayar da ita gurbinta, ya fara da layin marasa barasa.